Bushewar Baki da Ƙululu a Maƙogwaro: Kafin a Kira Wanzami

Wata bazara mun je taron ƙungiyar manoma ta ikkilisiya a wani ƙauye a kudancin Filato, domin mu shirya sayen taki tun damina ba ta faɗi ba. Muka yi addu'a, muka zauna a gindin ɗorawa, amma ma'aji bai zo ba, ga shi kuwa littafin kuɗi yana hannunsa. Da muka tambaya sai aka ce yana gida a kwance, kwana uku ke nan da cire masa beli. Bayan an tashi muka tafi gaishe shi, mu da fasto da wani dattijon ikkilisiya. Muka tarar da ƙaƙƙarfan manomi, mai shekara arba'in da 'yan kai, yana jingine da bango, ko kunu ba ya iya haɗiya sai da ƙyar. Matarsa ta ce daren da aka yi yankan ba su runtsa ba, saboda jinin ya ƙi tsayawa har wajen asuba.

Abin da ya kai shi ga wanzami shi ne, wajen wata biyu bakinsa yana bushewa, kuma yana jin wani abu kamar ƙwallon dabino ya tokare masa maƙogwaro. Ya haɗiye, bai wuce ba. Ya yi kaki, bai fito ba. Waɗansu suka ce beli ne ya yi tsawo. Waɗansu kuma a bayan ido suka ce jifa ne, wai don kuɗin ƙungiya yana wurinsa. Aka yanke belin, ya sha wahalar mako biyu. Da miki ya warke, ƙululun yana nan inda yake.

Mu ba likitoci ba ne, aikin gona muka sani. Amma tun daga ranar muka riƙa kasa kunne, sai muka ga ashe wannan kuka ya yi yawa a cikin ƙungiyoyinmu, maza da mata. Muka zauna da ma'aikatan lafiya na ikkilisiya muka yi ta tambaya. Abin da muka koya shi ne muke so mu ba ku, 'yan'uwa, domin a nan ana iya yin kuskure iri biyu: a yanka mutum a kan abin da ba ya bukatar wuƙa, ko a zauna da mutum a gida a kan abin da yake bukatar asibiti.

ME YA SA BAKI KE BUSHEWA?

Allah ya sa wa kowane mutum maɓuɓɓugan miyau guda shida manya, uku a kowane gefe: a gaban kunne, da ƙarƙashin muƙamuƙi, da ƙarƙashin harshe. A yini guda suna fitar da miyau tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi. Ba ma lura da shi don muna haɗiyewa a hankali. Shi ne ke jiƙa lomar tuwo ta wuce, shi ne ke wanke haƙora, shi ne kuma ke kare baki daga ƙwayoyin cuta. In ya ragu, harshe ya yi kaushi, leɓe ya tsage, baki ya yi wari, haƙora su fara ruɓewa.

Dalili na fari, wanda ya fi kowane yawa a wurinmu, shi ne ƙarancin ruwa a jiki. Mutumin da ke sharar gona ko huɗa da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu yana iya zubar da gumi lita guda cikin awa ɗaya. Sau nawa muka ga mutum ya tafi gona tun da asuba da 'yar gora guda, ita ce kuma har la'asar? Jiki in ya ga ruwa ya ja baya, sai ya fara tsimi, miyau kuwa yana cikin abin da yake fara ragewa. Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa: a dubi fitsari. In ya fito fari-fari kuma da yawa, ruwa ya isa. In ya yi ja kamar shayi, ga shi kaɗan, to, jiki yana bin ka bashi. Kada a jira sai ƙishirwa ta yi tsanani, musamman tsofaffi, gama su ba sa jin ƙishirwa da wuri kamar matasa. Da hunturu kuma wani abu ne daban: ƙura ta toshe hanci, mutum ya kwana yana numfashi da baki, ya wayi gari bakinsa kamar busasshen ƙosai.

Dalili na biyu shi ne abin da muke sa wa bakinmu da kanmu. Goro yana ɗaure baki, kowa ya san wannan. Taba, ko ta sha ko ta gari, tana busar da baki tana kuma ƙona maƙogwaro. Giya da burukutu suna sa yawan fitsari, mutum ya kwana jikinsa yana zubar da ruwa. Sa'an nan ga magunguna. Ƙwayar mura irin su Piriton, da maganin murɗar ciki irin su Buscopan, da waɗansu magungunan hawan jini masu sa fitsari, duk suna rage miyau. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini kada ya daina da kansa. Ya koma ya faɗa, sau da yawa akwai wani iri da za a canja masa.

A nan dole mu faɗi wata magana ko da ba za ta yi wa waɗansu daɗi ba. Matasanmu da yawa, har da 'ya'yan ikkilisiya, suna haɗiyar taramol kafin su shiga gayya ko aikin ƙodago, wai don kada su ji gajiya. Taramol yana busar da baki ƙwarai, yana ɗaure ciki, in an yawaita yana kawo farfaɗiya, kuma wanda ya saba da shi barinsa wuya. Maganin tari mai kodin ma haka yake. Shi ya sa gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018. In kun ga yaro kullum yana lasar leɓe, idanu sun yi nauyi, yana aiki ba ya neman abinci, ku jawo shi ku tambaye shi da hankali.

Akwai kuma bushewar baki da take nuna wata cuta a ciki. Wanda ke shan ruwa ba ya ƙoshi, yana tashi fitsari sau uku sau huɗu a dare, yana ramewa ko da yana ci, tururuwa kuma tana taruwa inda ya yi fitsari, wannan ya je a auna masa sukari. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa, ba a kuma daɗewa. Yaron da ke zawo kuwa, in bakinsa ya bushe, idanu suka faɗa, yana kuka ba hawaye, ba a jira da shi. A ba shi ruwan gishiri da sukari na 'yar jaka da ake samu a asibiti. In babu, a sami lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe kan cokalin kada a yi tozo, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar zuwa asibiti.

ƘULULUN NAN FA?

To, yanzu mu zo ga abin da ya fi tsorata mutane. A wuya akwai hanya biyu, ta iska a gaba, ta abinci a bayanta. A bakin hanyar abinci akwai wani nama da ya zagaye ta kamar bakin zuge, wanda yake a rufe kullum, sai za a haɗiye abu ya saki. In naman nan ya ɗaure fiye da kima, ko fatar wurin ta bushe ko ta yi ɗan kumburi, sai mutum ya ji kamar akwai abu a tsaye, alhali babu kome. Likitoci sun san wannan tun zamanin da, har suna da suna dominsa da harshen Latin mai ma'anar ƙwallo. Abu ne da ke samun mutane da yawa masu ƙoshin lafiya, ya zo ya wuce.

Ga alamar da ma'aikatan lafiya suka koya mana, muna roƙo kowa ya riƙe ta. Irin wannan ƙululu an fi jin sa lokacin da ake haɗiyar miyau kawai, tsakanin cin abinci da cin abinci. In mutum ya zauna cin tuwo, tuwon yana wucewa lafiya, har ma yakan manta da abin sai ya gama. Ba ya ciwo, yana tsakiyar wuya, wata rana yana nan wata rana babu. Ma'ajinmu da aka tambaye shi, ya ce kafin yankan yana cinye malmala biyu ba abin da ke tsaya masa. Da an yi masa wannan tambaya tun farko, da wuƙa ba ta taɓa shi ba.

Bushewar baki da ƙululu kuwa 'yan gida ɗaya ne. In miyau ya yi kaɗan, mutum ya yi ta haɗiyar banza yana gwadawa ko abin ya tafi, ya yi ta gyaran murya da kaki. Yawan haɗiya da kakin nan su ne ke ƙara gajiyar da wurin, sai ya ƙara jin abin, sai ya ƙara haɗiya. Maganin wannan zagaye shi ne kurɓin ruwa. Duk lokacin da ka ji kana son yin kaki, kurɓi ruwa kaɗan maimakon haka.

Wani abin da ke kawo shi shi ne ƙwarnafi. Ruwan ciki mai tsami yakan hauro ta hanyar abinci har ya taɓa maƙogwaro, musamman da dare. Mu manoma mun saba: a wuni ba a ci kirki ba, da dare a cika ciki da tuwo da miya mai yaji da mai, a miƙe a tabarma nan take. Wani ba ya ma jin zafin ƙirjin, sai dai ya tashi da ɗaci a baki, da dusasshiyar murya, da abu a wuya. A ci abincin dare da wuri, a bar awa biyu ko uku kafin a kwanta. Mai gado ya sa bulo ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun gadon na wajen kai. A rage goro da taba da yamma. In bai yi sauƙi ba akwai ƙwayoyi masu rage tsamin ciki, ma'aikacin lafiya zai faɗi wanda ya dace.

Amma a ganinmu babban mai laifi a cikin ƙungiyoyinmu shi ne damuwa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suke cewa baƙin ciki ya tokare wa mutum maƙogwaro, ko tsoro ya sa miyau ya ƙafe. Wanda aka taɓa tsayar da shi gaban alƙali, ko aka ce ya tashi ya yi wa'azi karo na fari, ya san yadda harshe ke mannewa. Haka jiki yake: in hankali ya tashi, miyau ya ragu ya yi kauri, naman wuya ya ɗaure. In tashin hankalin na minti biyar ne, abin ya wuce da minti biyar. In kuwa na wata biyu ne, mutum yana kwana da shi yana tashi da shi, to, wuyan ma haka zai zauna.

Abin da ke cin ma'ajinmu ya fito daga baya, a ɗakin fasto. Ya ba waɗansu 'yan ƙungiya uku rance daga asusu ba tare da sanin kwamiti ba, don tausayi, ɗaya matarsa ce za ta haihu, biyu kuma kuɗin makarantar yara. Kaka ta zo, masara ba ta yi ba, ba su biya ba. Ga lokacin sayen taki ya matso, za a ce ya kawo littafi. Ba ya barci, yana cin goro har tsakar dare, da rana kuma yana shan ƙwaya don ya iya aiki. Ba mu ce ya yi daidai ba. Dokar ƙungiya ta hana, an kuma faɗa masa haka a gaban kowa. Amma da aka kira taro ya faɗi gaskiya, masu bashi suka amsa, aka rubuta yadda za su biya kashi uku. Ya bar ƙwayar, ya rage goro, ya riƙa tafiya gona da jarka. Kafin a yi noman fari ya ce mana wani lokaci sai ya tuna da abin sa'an nan yake jin sa.

Muna faɗin wannan don dattawa da shugabannin zumuntar mata su lura. Gwauruwar da ta ce abu ya tsaya mata a wuya tun rasuwar mijinta, ko wanda aka kora daga gonarsa saboda rikici yana zaune a gidan dangi, ba ƙarya suke yi ba, ba kuma rashin bangaskiya ba ne. Abin da suke ji gaskiya ne. A yi addu'a da su, a kuma zauna a ji abin da ke ransu, in akwai abin da ƙungiya za ta iya ɗauke musu a ɗauke. Maganar jifa kuwa, mun ga yadda take raba dangi. Wanda aka gaya masa maƙwabcinsa ne ya sa masa abu a wuya, tsoro ya ƙaru, ƙululun ma ya ƙaru.

MAGANAR BELI

Beli, wanda waɗansu ke kira hakin wuya, shi ne ɗan naman nan da ke reto a can ƙarshen ganɗa. Kowa da nasa aka haife shi, ba cuta ba ne. Yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, kuma shi kansa yana fitar da ruwa mai jiƙa maƙogwaro. Ashe wanda bakinsa ke bushewa in ya cire beli, ya rage wa kansa abin da yake nema ne. Ƙululun kuma can ƙasa ake jin sa, wajen zaƙaran wuya, inda wuƙar wanzami ba ta kaiwa.

Wanzamai maƙwabtanmu ne, sana'ar gado suke yi, ba da mugun nufi ba. Amma haɗarin yana nan: zubar jini, da ruɓar miki, da ciwon nan mai sarƙe haƙora da ake kira tetanus. Ƙarfen da ya shiga bakin wani ya shiga naka ba a dafa shi ba yana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Jarirai ne suka fi shan wahala, waɗanda ake cire musu a makon haihuwa. Jinin da babba zai zubar ya tashi, jariri ba shi da shi, miki kuma yakan hana shi kama nono.

WANDA BA A ZAMA DA SHI

Kada wani ya karanta abin da muka rubuta ya ce ashe duk abin da ya tsaya a wuya damuwa ce. A wata ƙungiya mun san wani dattijo da ya fara cewa nama yana tsaya masa. Aka ce haƙora ne. Bayan 'yan watanni tuwo ma sai da ruwa, daga nan sai kunu kaɗai, riga ta yi masa yawa. Iyalinsa suka yi ta jiƙe-jiƙe suna jiran a sayar da amfanin gona. Da aka kai shi babban asibiti, likita ya ce ciwon daji ne a hanyar abinci, kuma an makara. Bambancinsa da ma'aji a fili yake ga wanda ya san abin da zai tambaya: shi abinci ne da kansa ke tsayawa, kullum abin gaba yake yi, yana kuma ramewa.

Saboda haka in abinci ko ruwa yana tsayawa ko yana dawowa, in haɗiya tana ciwo, in mutum yana ramewa ba dalili, in murya ta dushe fiye da mako uku, in ana kakin jini, in akwai ƙari a wuya wanda hannu ke taɓawa, ko ciwon kunne ɗaya da ya ƙi tafiya, a tafi asibiti cikin makon nan, kada a jira kaka. Wanda ya haura shekara arba'in yana shan taba ko giya ya fi kowa bukatar hanzari. A manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Jos da Zariya akwai likitocin kunne da hanci da maƙogwaro masu na'urar leƙa wurin. Fari-fari a harshe da ganɗa kamar dusar nono shi ma a nuna, gama yakan biyo bayan ciwon sukari ko ƙanjamau. Ƙayar kifi ko ƙashi da ya tsaya lokacin cin abinci, da ruwan feshin ciyawa da ya shiga baki yana ƙona maƙogwaro, waɗannan na ranar ne ba na gobe ba. A tafi da robar maganin a hannu don likita ya ga sunansa.

Sai maƙoƙo, wanda iyayenmu a kan duwatsun Filato da kewaye suka sani sarai. Shi kumburi ne a gaban wuya da ido ke gani, in mutum ya haɗiye sai ya yi sama ya dawo. Mata ya fi kamawa. Yawancinsa rashin sinadarin aidin ne a abinci, rogo mai ɗaci da ba a jiƙa sosai ba kuma yana ƙara shi. Tun 1993 doka ta ce a sa aidin a gishirin ci a Nijeriya, maƙoƙo kuwa ya ragu ƙwarai. Amma aidin yana gudu in gishiri ya sha rana da laima. A sayi na cikin leda a rufe, a zuba a gwangwani mai murfi nesa da murhu, kada a ci gishirin dabbobi don arha. Maƙoƙon da ya girma har yana danne numfashi ko haɗiya, ko yake girma da sauri, aikin likita ne, ba a tsaga shi ba a kuma yi masa ƙaho.

A ƙungiyar ma'ajin nan yanzu sun sa doka biyu a littafinsu. Ranar gayya mai gona zai ajiye randa ko jarka biyu a bakin gona kafin a fara, a kuma tsaya shan ruwa sau uku kafin azahar. An kuma ware wani abu daga asusu don kuɗin mota zuwa asibiti, wanda sakatare da shugabar zumuntar mata za su iya fitarwa a ranar da aka bukata, a kawo rahoto a taro na gaba.